Wake da Tsakuwa

Yara na layi suna tura hannu ƙarƙashin ƙyallen da ya rufe tukunya, malaminsu Mushe Yunusu na tsaye gefe ya harɗe hannuwa kamar shi ya karɓo mulkin kai da kansa. Daga Dakar ya dawo da takardar ilimin siyasa, gwamnati ta duba ta ga babu inda ake bukatar wannan ilimi sai wani aji a lakwal ta Tahoua, nesa da kunnen kowa.

Tun farkon shekara yake koya musu zaɓe. Ya ce ƙuri'a sirri ce, mai ƙirga ta kuma amana ya ɗauka. Yara suka rubuta da kyau, ko da yake a zaɓen bara sun ga iyayensu sun karɓi takarda guda ɗaya tak, sun jefa, an buga ganga. Da Yunusu ya lura magana ba ta shiga, sai ya ce a zaɓi shugaban aji. Mai son Sidi ya jefa tsakuwa, mai son Ma'azu ya jefa ƙwayar wake.

Sidi ɗan Alhaji Idi ne, sakataren jam'iyya, kuma shi ya tsayar da kansa. Ma'azu kuwa Yunusu ne ya tsayar da shi, don zaɓe ba abokin takara ai biki ne. Ɗan manomi ne daga Bambeye, kai kamar wuƙa, kuma Yunusu ya riga ya hango shi a babbar makarantar Yamai. Abin da mai takardar Dakar ya manta bai tambaya ba shi ne inda yaron yake kwana. Ɗan ƙauye ba ya karatu a gari sai da mai masauki, Ma'azu kuwa a zauren Alhaji Idi yake shimfiɗa tabarmarsa.

Da layi ya iso kan Ma'azu, sai ya buɗe tafinsa yadda kowa zai gani. Tsakuwa ce. Yunusu ya ja shi gefe zai tuna masa da sirrin ƙuri'a.

"Mushe," in ji yaron, murya ƙasa ƙasa, "Alhaji ya ce mani ya ji baƙonai na biɗar sarauta bisa ɗan gida. Ya ce madalla, amma sarki ba shi kwana zaure. In munka ci, Bambeye za ni."

Kunya ta kama Yunusu, har da haushin kansa. Babu masauki, babu lakwal. Yamai kuma sai dai a labari.

Aka gama jefawa. Ya ɗauki tukunya ya ɗora a kan tebur, ya ɗaga bakin ƙyallen ya leƙa. Wake ne fal, tsakuwa 'yan kaɗan sun ɓuya a ciki kamar a kwanon mai sayarwa maras tsoron Allah. Jiya-jiya ya rubuta musu a allo cewa a gaban jama'a ake ƙirga, rubutun ma ba a goge ba.

Ya juya musu baya, ya yi ta motsa hannu cikin tukunya, yana dumtsar wake yana zubawa aljihu. Sannan ya juyo ya sanar cewa Sidi ya lashe zaɓe da gagarumin rinjaye.

Babu wanda ya yi gardama. Kowa ya san abin da ya jefa, ya kuma san na maƙwabcinsa, amma suka tashi tsaye suka tafa, tafi mai tsari, irin wanda iyayensu suka yi bara. Sidi ya ɗaga hannu yana godiya. Ma'azu ya fi kowa tafi, kansa a sunkuye.

Da aka tashi, Zalika, wadda tun farkon shekara ba ta taɓa cin rabin maki a darasinsa ba, ta tsaya bakin ƙofa ta rusuna da ladabi.

"Mushe, da can ban gane ba. Yau kam na gane."

Ya tafi gida aljihu na masa nauyi. Ya rataye rigarsa a ƙusa. Matarsa Kaltumi, mace ce da ba ta barin abinci ya lalace, ta lalube aljihun kafin wanki. Washegari da rana ta ajiye masa shinkafa da wake, ta ce in lakwal za ta ci gaba da rabawa, ya riƙa kawo mai yawa.