Goshin Alhaji Jafaru

Duk mai cewa ilimi sai a takarda, ya zo garinmu Babban Mutum in nuna masa Innata, Barakatu, wadda ko sunanta ba ta iya rubutawa da boko ba.

Babanmu, Alhaji Jafaru, dillalin shanu ne. Ciwon daji ya kama shi a maƙogwaro, har ta kai ko ruwa ba ya wucewa. A wani asibiti a Kano aka huda masa ciki aka sa roba, ta nan ake ɗura masa kunu da madara da sirinji. Aka sallame mu da takarda: a ɗura masa ƙarfe bakwai, goma, ɗaya, huɗu, da bakwai na yamma, kuma kada ya kwanta sai bayan awa guda. Yaya Anwar, ɗan bokon gidanmu, ya manna takardar a bango, yana tsaron ta kamar shi ya rubuta.

Mun bi doka, wallahi mun bi. Baba bai taɓa kwanciya bayan ɗuri ba. Amma ana gama na ƙarfe ɗaya sai a kira Azahar, ana gama na huɗu sai a ta da La'asar, shi kuwa ba a haifi mai hana shi salla a kan lokaci ba. Sati biyu sai ga tari, sai ga zazzaɓi. Likitan da ya duba shi a Daura ya ce kunun ne ke dawowa sama yana faɗawa huhu duk lokacin da ya kai kansa ƙasa. Ya ba da magani, ya ce daga yau salla a zaune, da ishara.

Liman ma ya zo har gida ya ce addini ya yi sauƙi. Baba ya saurare shi tsaf, sannan ya yi magana da 'yar ragowar muryarsa.

"An hana ni tuwo, na haƙura. An karɓe mini murya, na haƙura. Yanzu kuma goshin nawa? Ku cire mini robar nan."

Ya kuwa ɗora hannu a kanta, ya ƙi ɗurin yamma. Ni Ummukulsum tsoro ya kama ni sosai, don na san taurin kan ubana, na kuma san in babu robar nan yunwa ce za ta kashe shi kafin ciwon. Na yi kuka, Yaya Anwar ya yi ta Turanci, duk a banza.

Da safe Inna tana tace kunu ta kira ni.

"Ke Ummu, tunda aka fara tarin nan, kin taɓa jin ya yi shi a sallar Asuba?"

Na yi tunani. Ban taɓa ji ba.

"To cikin nasa ba komai ne lokacin. Ƙwarya in ta cika ka karkata ta, ai dole ta zubar. Mu ne muke cika shi sannan mu tura shi salla. A bari ya sallame tukun, a ɗura."

"Inna, likita ne fa ya rubuta lokutan nan," in ji Yaya Anwar.

"Na sani, ɗan nan. Da agogo ya rubuta, mu kuwa da ladan muke aiki. Kira mini su in ji."

Ya kira ma'aikaciyar jinyar da ta koya mana ɗurin, yana ta kame-kame kamar mai neman gafara. Matar ta yi 'yan tambayoyi, ta ce muddin yawan abincin bai ragu ba, kuma an bar tazara mai kyau kafin salla ta gaba, a gwada a gani. Har ta ce a gaida mata Hajiya. Ranar na ji kaina ya yi girma, ba zan ɓoye ba.

Inna ta je ta durƙusa gaban Baba.

"Alhaji, ka ba ni yau kaɗai. In ka yi tari, sai mu sake magana."

Ya karɓi ɗurin ƙarfe goma. Na ƙarfe ɗaya Inna ta rufe shi da faifai ta ajiye. Da aka kira Azahar Baba ya ƙi tabarma, ya tsaya a kan rairayin tsakar gida ya kabbara, mu uku muna bakin ƙofa ko numfashin kirki ba ma yi. Ya yi ruku'u, ya sauka a hankali yana dafe da robar ta cikin riga, ya kai goshinsa ƙasa. Ya daɗe, har Yaya Anwar ya yunƙura zai je, Inna ta riƙe masa hannu.

Raka'a huɗu cif, ko gyaran murya bai yi ba.

Da ya sallame ya juyo, hawaye na bin gemunsa, rairayi ya manne masa a goshi. Na ɗauko tsumma zan share masa, ya kauce. Ya dubi Inna, ya ɗaga rigarsa da kansa.

"Barakatu, kawo kunun. Yunwa nake ji."