Manhajar Ilya

Moutari ɗan Damagaram ne, yana gyaran injinan kwafin takardu a garin Saint-Denis, can ƙasar Turawa. A ɗakinsa akwai wata tsohuwar kwamfuta haɗe da layin tarho. Tun kafin intanet ta shiga gidaje, shi da wasu masu sha'awa irin tasa suke aika wa juna wasiƙu ta haka: kwamfutar wannan ta buga wa ta wancan waya, ta sauke saƙo, ta ɗauki wanda za ta kai gaba. Kowace kwamfuta ana ce mata tasha, tana da lambarta.

Duk ranar Juma'a sabon jerin tasoshin ke fitowa, dubban layuka ɗauke da lamba da suna da gari da lambar tarho. Jerin ya yi yawa a riƙa binsa layi-layi, sai da manhajar da za ta tsara shi, yadda da an ambaci lamba za a san inda za a buga. Wadda Moutari ke aiki da ita abokinsa Ilya ne ya rubuta, mutumin Tawa mai kantin kayan waya a unguwar La Guillotière ta birnin Lyon. Shekara goma sha ɗaya ba ta taɓa ba shi kunya ba.

A watan Maris na 2008 ta tsaya. Masu kula da jerin sun fara sa adireshin intanet kusa da lambar tarho, layukan suka ƙara tsawo, da manhajar ta ci karo da irinsu sai ta ƙi gaba. Wasiƙu suka taru. A ciki har da na Malam Siddiq, malamin lissafi a Damagaram, wanda ta tashar Moutari kaɗai saƙonsa ke shiga da fita. Moutari ya gwada manhajojin wasu, tsohuwar kwamfutar ta ƙi su. Shi kuwa mai gyaran inji ne, bai iya rubuta manhaja ba.

Wata huɗu ke nan da Ilya ya faɗi a kanti, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Sau ɗaya Moutari ya je duba shi a asibiti. Ranar Asabar ya shiga jirgin ƙasa zuwa Lyon, yana jin nauyin cewa buƙata ce ta sake kai shi.

Hassia, matar Ilya, ta buɗe masa ƙofa.

"Malam Moutari, sannu da hanya. Ina iyali?"

"Lahiya lau. Yaya mai jiki?"

"Da godiya. Yana jin komi, maganar ce ba ta hita."

Ilya na zaune bakin taga, hannun damansa a kan cinya. Suka gaisa, Moutari na yi, shi yana gyaɗa kai. Bayan an sha shayi Moutari ya faɗi abin da ya faru, ya tambayi Hassia inda asalin rubutun manhajar yake, wanda da shi ne kawai za a iya gyara ta.

"Kayan ordinatar ɗin suna ɗakin ajiya na ƙasa," in ji ta, tana nufin kayan kwamfuta. "Amma hwa ruwa ya shiga wurin da hunturu, yana kwance lopital ban kula ba."

Ya sauka ya hauro da kwali guda. Faya-fayan disket ne, takardun jikinsu sun ɓare, wasu sun yi tsatsa. Ya zauna da kwamfutar kantin yana sa su ɗaya bayan ɗaya har la'asar. Biyu suka buɗe, babu abin da yake nema a ciki.

Duk wannan Ilya na kallo. Sai ya buga hannun kujera da hagunsa. Moutari ya matso, ya nuna masa layin da manhajar ke tsayawa a kai, wanda ya bugo a takarda. Idanun Ilya suka bi layin har ƙarshe, fuskarsa ta sauya. Ya gane matsalar, kowa a ɗakin ya ga haka.

"Ɗa... ɗa..." ya ce.

"Ɗari? Ɗaya?" in ji Moutari.

Ilya ya girgiza kai. Hassia ta kawo biro ta sa masa a hagu. Ya rubuta biyu, ya rubuta wani abu mai kama da biyar, biron ya zame ya faɗi. Aka ɗauko, ya sake, takardar ta yage. Gumi ya feso masa a goshi.

"A hankali, Ilya. Mi zan canza? Nuna mini kawai."

Ilya ya buɗe baki, ya rufe. Hawaye suka zubo ta ido ɗaya, ya kau da kai wajen taga.

"Ya isa haka nan, don Allah," in ji Hassia a hankali.

Moutari ya koma Saint-Denis. Dabarar da ta rage masa ita ce ya riƙa buɗe jerin duk Juma'a yana datse dogayen layukan da hannu. Da farko guda arba'in ne. Kafin watan Yuli sun wuce dubu, Asabar da Lahadinsa duka suna tafiya a kai, kuma in ya tsallake ɗaya sai ya koma farko yana nema. Wasiƙun Malam Siddiq suka riƙa makara mako biyu, uku. Daga baya malamin ya rubuto cewa an buɗe shagon intanet kusa da makarantarsu, kada Moutari ya wahalar da kansa.

Moutari bai daina nan take ba, sai da ya ƙara wata biyu. Ranar da ya kashe kwamfutar bai gaya wa kowa ba.

Ya ci gaba da zuwa Lyon farkon kowane wata. Yakan tura keken Ilya zuwa bakin kogi su zauna, ya ba shi labarin 'yan gida, wane ya yi aure, wane ya koma Yamai. Da iska ta fara sanyi sai ya gyara masa bargo su juyo.