Koriyar Ɗamarar Uwargida Aldith

Tun farkon bazara Corinne ta buɗe shafinta na intanet, amma babu komai a kai sai suna: Saƙar Mama. Niyyarta ta ɗauki bidiyon hannun mahaifiyarta, Darlene, tana saƙar alluna, wato saƙar ɗamara da ƙananan alluna masu huda, ta rubuta yadda ake yi kafin ciwon mantuwa ya cinye abin da ya rage. Sai dai Darlene ta daina gane ta. Da ta ce, "Mama, ni ce," sai tsohuwar ta ƙanƙame zarenta ta juya wa bango fuska.

Gus ne ya kawo dabara, tsohon abokin Darlene a ƙungiyarsu ta masu kwaikwayon rayuwar mutanen da, waɗanda kan kafa tantuna a dajin Wisconsin su yini suna dukan juna da takubban katako. Kowa a can da sunansa na wasa, na Darlene kuwa Uwargida Aldith.

"Ke ma dai, 'yar nan," in ji shi. "Darlene ce ta tafi, Uwargida Aldith na nan daram. Jiya ma sai da ta ce sulkena ya yi kama da tukunyar miya."

"Kawu Gus, rabona da kayan wasan nan tun ina shekara goma sha biyu."

"Ni za ki gaya wa? Wa ya mai da ke gida kina kuka wai babu talabijin a tanti? Sa rigar kawai."

Ta sa doguwar rigar ulu ta mahaifiyarta, mai ƙaurin hayaƙin itace. A ƙofar ɗakin, a gidan kula da tsofaffi, ta rusuna.

"Ranki ya daɗe, Uwargida Aldith. An ce kina neman 'yar koyo."

Tsohuwar ta gyara zama, idonta ya yi haske.

"Wa ya ce? Wancan mai tukunyar? Zo in ga hannunki. Tabɗi! Wannan ko allura bai taɓa riƙewa ba. Zauna."

Haka aka fara. Duk Asabar Gus ya riƙe waya yana ɗauka, Darlene ta ɗaure zaren a ƙafar gado, tana juya ƙananan allunan nan masu huda, gaba, gaba, baya, ganyaye suna fitowa a jikin saƙar. In Corinne ta juya ba daidai ba, ta sha duka a bayan hannu. Ba ta taɓa jin daɗin duka irin wannan ba.

Ɗamara ce koriya, irin wadda gwana ke ɗaura wa 'yar koyonta ranar da ta karɓe ta. Corinne ba ta gaya wa kowa ba, amma ta sa rai ita za a ɗaura wa.

Wata Asabar, ɗamarar ba ta yi wani tsawo ba, Darlene ta ce a miƙo almakashi.

"Uwargida, ai ba ta kai ba."

"Ta kai har ta yi saura. Ce miki aka yi taki ce, sarkin kwaɗayi? Ta Corinne ce, 'yata. Siririya ce kamar sillen kara." Ta datse zaren, ta shiga ƙulle bakin. "Ta ce wai ba ta so. Ƙuruciya ce. Za ta dawo."

Gus ya sauke wayar a hankali.

"Mama, ni ce" ta zo wa Corinne har baki. Ta dubi bangon, ta dubi fuskar da ke mata murmushi, ta haɗiye.

"In na gan ta zan ba ta, ranki ya daɗe."

"Yauwa. Ki ce mata ban yi fushi ba."

A mota Gus ya yi ta laluben makulli, alhali yana hannunsa.

"To, kin samu abin sawa a shafin naki," ya ce, muryarsa a dishe.

Corinne ta warware saƙar a kan cinyarta. Ta zagaya ɗamarar a ƙugunta, ta ja numfashi ciki, ta ja bakin biyu iya ƙarfinta. Ba su haɗu ba.