Kwabo a Bayan Tumini

Malama Maftuhah ta tsoma kwabon a man zafi, ta ci gaba da kankare bayan Tumini har jajayen layuka suka fito. Haka mutanen tsibirin Jawa ke fitar da sanyi daga jiki, ko a gida ko a nan birnin Taichung inda suke ci-rani, a ɗakin mata na masallacinsu. Abin da ya ɗaure wa Malama kai, Lahadi bakwai ke nan a jere Tumini na zuwa. Wane irin sanyi ne wannan da ya san ranar hutu?

Asibiti sun auna Tumini, ba su ga komai ba. Da suka ba ta takarda mai tambayar ko tana baƙin ciki, "a'a" ta cike daga sama har ƙasa, don kada iyalan tsohon da take jinya su sallame ta. Amma ta rame, kuma makon jiya ta tambayi hukuncin wanda ya gaji da rayuwa. Tambayar nan ta tsorata Malama ƙwarai.

Abu ɗaya ta lura da shi. Ido da ido, Tumini ba ta wuce "lafiya lau". Sai ta kife, kwabo na tafiya, bakinta ke buɗewa.

A bakin ƙofa kuwa ga Likita Kuo, likitar ƙwaƙwalwa, wadda Malama ta roƙa take zuwa duk wata. Wata huɗu likitar tana ajiye kujera a gabanta don mai son magana da ita, ko kyanwa ba ta hau ba.

Malama ta sunkuya ta ce wa Tumini likitar tana so ta koyi aikin kwabon, in ta yarda.

"Da wannan hannun nata kamar auduga? Malama, ai sanyin dariya zai yi mata."

Amma Tumini ba ta tashi ba. Likita ta durƙusa ta karɓi kwabon, tana ja a tsorace. Tumini ta yi mata faɗa da Sinancinta na aiki, ta ce ta danna. Can sai ta yi magana, fuskarta a cikin dadduma.

"Innata ce ke yi min wannan. Ranar da aka yi wa gawarta wanka, ina nan ina wanke uban wasu."

Hannun likita ya tsaya.

"Kada ki tsaya, 'yar'uwa. Da saura," in ji Tumini.

Malama ta tashi a hankali, ta naɗe kujerar, ta jingine ta a bayan ƙofa.