Allon da Ba a Yankawa

Tun da motar kaya ta tsaya a ƙofar gida Kafinta ya kasa zama wuri ɗaya. Da kansa ya riƙa sauke allunan, yana rungumar kowanne kamar jariri, yana daka wa direba tsawa kada ya taɓa. Sirara ne, kaurinsu bai fi yatsa biyu ba, an naɗe su da wata leda mai ƙyallin azurfa. Hoda ce a matse a ciki, an zuƙe iskar kaf an liƙe baki. Zafi kuwa, in bai sami iskar da zai bi ba, da ƙyar yake ratsawa.

"Auta, zo ki taɓa!" ya ƙwala wa ƙanwarsa kira. "Ko iska babu a ciki, wallahi!"

"Yaya, ka faɗa mini jiya, ka faɗa shekaranjiya. Shigo da su, lokaci na tafiya."

Da la'asar za a sallamo Inna daga asibiti. Likita ya ce zuciyarta ba za ta ƙara jure zafi ba, ga shi bangon ɗakinta na yamma da rana ta karkata sai ya koma kasko. An roƙe ta ta sauya ɗaki, ta ce a nan ta raine su, a nan za ta kwanta, likitan ya zo ya ɗauke ta in ya isa. Ɗakin kuma ƙanƙane ne, in aka sa soso mai kauri don tare zafi, gado ba zai shiga ba. Shi ya sa aka aika awo kamfani, aka yi allunan daidai bangon.

Aiki ya yi ta gudu. Auta na shafa gam, Kafinta na mannawa, yana waƙa da muryar da ba a taɓa roƙonsa ya yi waƙa da ita ba. Doka ɗaya ce: ba a yankawa, ba a hudawa, ba a buga ƙusa, don da iska ta shiga allo ya tashi aiki. Ga mutumin da ya yi rabin rayuwarsa yana gyara kuskure da zarto, wannan doka ce mai nauyi.

Allon ƙarshe, na kusurwar da kan Inna yake in ta kwanta, ya ƙi shiga. Ya tokare da gefen kabad. Kafinta ya juya shi, ya sake juyawa. Sai ya dubi tef ɗin awonsa, waƙar ta mutu. Bakin tef ɗin ya gutsure tun shekarun baya, ya ƙi sayen sabo, a cikin kansa yake rage tsawon da ya gutsure daga kowane awo. Ranar awo shi ya riƙe baki, Auta ta karanta lamba ta aika.

"Ba ki rage ba?"

"In rage me? Tef ɗin wahayi yake yi mini?"

Hannunsa ya tafi ga zarto tun kafin ya yi shawara da shi. Auta ta sha gaban allon, ta ware hannuwa.

"Ɗan baki kawai zan cire, Auta."

"Cire mana, ka ji ya ja numfashi ya zama tabarma. Sabo kuma sai bayan makonni. Ka ce wa rana ta jira?"

"To mu bar gurbin haka."

"Daidai kan Inna? Sannu, babban ɗa."

Kafinta ya zuba wa kabad ido. Shi ne babban aikinsa na farko, a jikin bango ya gina shi, ya sassaƙa masa furanni a gefe tun daga sama har ƙasa. Duk baƙon da ya shigo gidan sai an kai shi ya gani, ko yana so ko ba ya so.

"Fitar da allon waje," ya ce, "kada tsinke ya same shi."

"Yaya, ba dai…"

"Ki fitar, na ce!"

Zarto ya kama furen farko. Ya yi zaton abin zai yi masa ciwo, sai ya ji yana sauri, gumi na zuba, garin katako na tashi, furanni na faɗuwa a ƙafarsa. Ya goge wurin sumul, Auta ta share ƙasa har sau biyu. Suka ɗauko allon tare, suna riƙe numfashi. Ya zame ya zauna daram.

Auta ta saki ihu. Kafinta ya yi wata rawa da gwiwoyinsa suka daɗe da mantawa. Cikin gaggawa suka rufe bangon da falankin katako, aka kafe shi sama da ƙasa kawai don kada ƙusa ta taɓa allo, suka mayar da gado.

Inna ta iso rana na dukan bangon ta waje. Suka shigo da ita a hankali, ta zauna bakin gado tana haki. Ta ɗora tafin hannunta a bango, ta ɗaga, ta sake ɗorawa, ba ta ji zafi ba. Su biyun suka tsaya kamar ɗalibai a gaban malami.

"Wa ya kashe mini bango?" ta ce. "Yanzu a ina zan riƙa shanya ɗankwalina?"

Ba ta jira amsa ba. Ta miƙe ƙafa, ta juya fuskarta ga bangon, ta ce su fita su ja mata ƙofa, barci take ji.