Tanimu a Kan Dokin Aro

"Ku aje ni nan," in ji Sallau, sa'ad da muka kinkimo shi daga bayan a-kori-kura muka nufi ƙofar gida da shi. "Ba ciki ba. Shago nika so."

Matarsa Dudu ta riga ta share ɗaki ta shimfiɗa sabuwar tabarma. Ta tsaya a bakin zaure, hannu a ƙugu.

"Malam, wa ka jinya cikin shagon aski?"

"Ni," ya ce, ya rufe ido.

Haka muka haɗa bencina biyu na masu jiran aski, muka ɗora katifa, muka kwantar da shi. Ba don ya warke asibiti suka sallamo shi ba. Likita ya ja ni gefe ya ce mu kai shi gida, mu ba shi duk abin da ransa ke so. Ni ne Shu'aibu tela, shagona na jingine da nasa a Yelwa shekara goma sha biyar. Bangon da ya raba mu ba shi da wani kauri, don duk gulmar da aka yi a kujerar askinsa ina jin ta ina taka keke, wani lokaci har in sa baki.

Na san abin da ya sa ya zaɓi shagon. Hotunansa ne. Guda shida ne a jere a bango, zanen hannu aka buga a takarda mai kauri, duk sun yi ja don tsufa. Wani Bature da Sallau ya yi wa kuku a zamanin da ake awon ƙasa don dam ɗin Kainji ne ya ba shi su. Da zai koma ƙasarsu ya raba wa ma'aikata agogo da takalma, Sallau ya ce shi a bar masa takardun nan. Baturen ya ce sun girmi kakansa.

Duk Turawa ne a kan dawaki, kuma babu ko ɗaya da abin ya yi wa kyau. Ga wani ƙato mai tumbi ya tsallake shinge shi kaɗai, dokin ya tsaya ta wancan gefe yana kallonsa. Ga wani ya hau yana fuskantar wutsiya, ya ɗaga hula yana gai da mata. Ga wani reshen itace ya ɗauke masa hula haɗe da gashin ƙarya, sanƙo ya bayyana a tsakiyar taro. Akwai rubutun Turanci a ƙarƙashi, amma ba wanda ya taɓa damuwa da shi, don fassarar Sallau ta fi daɗi, kuma kullum sabuwa ce. Sau da yawa sai ya ɗaga aska sama ya jira wanda yake yi wa askin ya gama dariya, kada ya yanke masa kunne. Liman Sahabi yakan ce a juya masa kujera ya ba hotunan baya, amma na sha kama shi yana satar kallonsu ta madubi.

Bayan na shida akwai wuri na bakwai. Ƙusa ce kawai, ta yi tsatsa, ta danne wani guntun takarda da bai kai tafin hannu ba. Akwai 'yan zane-zanen fensir a jikinsa, ni dai na ɗauka gajimare ne. Ko da ake shafe shagon da farar ƙasa, Sallau kan tsaya a kan mai shafen har ya kewaye wurin.

Washegari da hantsi na kawo masa kunu, ya kurɓa sau biyu ya ture. Idonsa na kan ƙusar.

"Shu'aibu, ka tahi ka kira mani Tanimu."

Dudu da ke masa fifita ta tsaya cak.

"Shekara talatin da tara bai taka garin ga ba, Malam."

"Na sani. Ni na kore shi. Ba ni son in tahi da haƙƙinai bisa kaina."

Labarin Tanimu duk Yelwa an san shi, ni ma na tarar ana yi. Mutumin Gungawa ne, a tsibiri aka haife shi, kuma shi ke tuƙa Baturen da kukunsa a jirgi daga wannan gungu zuwa wancan. A nan suka ƙulla abota da Sallau, har kwano ɗaya suke ci. Da ruwa ya fara cinye tsibiran aka kwaso mutane zuwa tudu, Tanimu na neman auren wata yarinya Asama'u. Sallau ne ya zuga shi, ya ce yanzu ya zama mutumin tudu, ba a zuwa gaisuwar surukai a ƙafa. Shi ya aro masa doki wurin wani falke.

To, a jirgi in kana so ka tsaya, sai ka ɗaga filafili ka bar tuƙi, jirgi ya tsaya don kansa. Da dokin ya fara sauri, Tanimu ya yi abin da ya sani: ya saki linzami, ya ɗaga hannuwa sama yana jira. Doki ya samu sake, ya keta ta kasuwar kifi, ya watsar da faya-fayai, bai tsaya ba sai bakin ruwa. Nan ya turje, Tanimu ya wuce ta saman kunnuwansa ya nutse a taɓo da sabuwar babbar riga. Ranar kasuwa ce, dangin yarinyar duk suna wurin.

Da a nan abin ya tsaya, da an manta. Amma Sallau ya daɗe yana kwaikwayon zanen Turawan nan, hannunsa ya faɗa. Ya zana abin da ya faru a bayan wata kalanda, har ya ƙara wa Tanimu filafili a hannu, ya kafa kusa da na Turawa. Mutane suka riƙa zuwa aski ko da babu gashi a kansu. Suna ya bi shi, Tanimu Saki-Linzami, har mata a bakin rijiya. Wata rana ya shigo bai yi sallama ba, ya fizge takardar daga bango, ya fita. Ya auri Asama'u duk da haka, ya kwashe ta suka koma wani ƙauye a wajen Wara. Da ta rasu shekara biyar da suka wuce Sallau ya je ta'aziyya, Tanimu ya karɓi gaisuwar kowa ban da tasa.

Na rufe shago na shiga jirgin inji. Na same shi a inuwar wata ɗorawa yana ɗinkin tarun kamun kifi, dogon tsoho baƙi, duk gemunsa ya yi fari. Na gaishe shi, na faɗi abin da ya kawo ni. Hannunsa bai tsaya ba.

"Na ji," ya ce.

"Baba, likita ya ce kwanaki na. Gahwara yaka nema."

"Na ce na ji. Ka sha ruwa ka koma, kar jirgi shi bar ka."

Na koma da zuciya a dagule. A ƙofar shagon na tarar Sallau ya ɗago kai yana leƙen bayana, ko akwai wani. Ban iya faɗa masa gaskiya ba. Na ce masa Tanimu ya ce yana tafe, sai ya gama wani aiki. Allah Ya yafe mini, ƙarya na yi, kuma Dudu ta gane, don ba ta kalle ni ba har na fita.

Kwana biyu Sallau na jira. Ya sa aka yi masa aski da askarsa, aka sa masa farar riga. Duk wanda ya yi sallama sai ya juyo da sauri, in ya ga ba shi ba ne ya mai da kai. Ganinsa ya fara dushewa, yakan ce in gaya masa wane hoto ne rana ta haska. Ni kuwa na kasa ɗinki. Na lalata wuyan rigar wani malamin makaranta sau biyu, saboda tunanin mutumin nan zai mutu yana jiran abin da ni na ƙirƙira.

Rana ta uku, bayan azahar, inuwa ta tare ƙofar.

"Salamu alaikum."

Sallau bai buƙaci ido ba. Ya gane muryar. Dudu ta miƙe ta gyara mayafi. Na ce a raina yanzu zai fashe da kuka ya roƙi gafara. Ashe hali na nan inda yake.

"Tanimu," ya ce da 'yar muryar da ta rage masa, "da mi ka zo? Jirgi ko doki?"

Dudu ta dafe ƙirji. Ni kuwa na ji kamar in nutse, na ce shi ke nan, ya sake korar shi. Tanimu ya tsaya a ƙofar bai shigo ba bai koma ba, har na ji ƙarar injin niƙa daga can bayan layi.

"Da ƙahwata," ya ce a ƙarshe. "Ita in na ce ta tsaya, tana tsayawa."

Sallau ya fara dariya, dariyar ta koma tari, tarin ya koma kuka. Tanimu ya cire takalmi ya shigo, ya zauna a bakin bencin ya tallafi kansa har ya lafa.

"Ka yahe mani," in ji Sallau. "Ni na aro dokin, ni na yi zanen. Na kunyata ka gaban surukanka, na raba ka da gari. Don Allah ka yahe mani."

Tanimu ya sa hannu cikin riga ya fito da wani abu a naɗe cikin leda, ya warware a hankali. Bayan kalanda ne, ya yi laushi don yawan ninkewa, kusurwa ɗaya babu. Na matso, don ban taɓa ganin zanen ba. Wallahi abin dariya ne: ga doki ya turje, ga Tanimu a sama ƙafafu a warwatse, filafili a hannu, ga 'yan kasuwa kowa baki a wangame.

"Ran da na ɗauke shi, ƙone shi zan yi," in ji Tanimu. "Har na hura wuta. Sai na ga wagga."

Ya ɗora yatsa a gefen takardar. Wata yarinya ce, ita kaɗai ba ta dariya. Ta yar da tulunta, hannu biyu a ka, tana gudu wajen ruwan. Har tsagen kumatunta ya fito.

"Asama'u ba ta taɓa tsayawa gaban mai hoto ba," ya ce. "Duk duniya nan kaɗai huskarta ta rage. Jikokinta nan suka ganin ta. Ni ma kullum sai na buɗe."

Sallau ya laluba ya taɓa takardar. "To mi ya hana ka zowa, tun tuni?"

"Shekarun hwarko hushi na. Daga baya ban san ta inda zan soma ba. In na zo, sai in ce na gode, ni kuwa na saba da hushin." Ya share ido da bakin riga. "Na yahe maka, Sallau, duniya da lahira. Ranar ta'aziyya ka miƙo hannu na ƙi karɓa. Kai ma ka yahe mani."

"Na yahe," in ji Sallau. Ya sauke dogon numfashi. Can ya ƙara da cewa, "Amma kunnuwan dokin ban yi su daidai ba."

Suka zauna hannu cikin hannu suna ambaton mutanen da ni ban sani ba, da tsibiran da yanzu jirgi ke wucewa ta samansu. Muryar Sallau na raguwa, Tanimu na cike masa sunayen. Da aka kira la'asar muka tafi masallaci ni da Liman Sahabi, Tanimu ya ce zai yi tasa a nan. Muna dawowa muka tarar yana laƙƙana masa kalmar shahada, Dudu na durƙushe a gefe. Kafin rana ta yi ja Sallau ya cika. Na yi kuka a gaban mutane ban ji kunya ba, don maƙwabcina ne, kuma na san bangon nan ba zai ƙara kawo mini dariya ba.

Tanimu ya zauna har sadakar uku. Da safen da zai koma, ya shigo shagon yin sallama. Dudu ta ce in ara mata filaya. Ta hau kujerar askin da kanta, ta kama ƙusar nan mai tsatsa ta yi ta murɗawa har ta fita. Ta miƙa masa guntun takardar.

"Naka na," ta ce. "Malam ya ce in ka zo a ba ka. Ya manta."

Tanimu ya zauna a bencin, ya shimfiɗa zanen a gwiwarsa, ya kawo guntun ya haɗa a kusurwa. Yagar ta zauna daidai. Sai a lokacin na ga ashe ba gajimare ba ne. Kan wani rimi ne can nesa a tsakiyar ruwa, da rufin bukkoki biyu a gindinsa, ruwa ya kusa kai musu.

"Gidanmu," ya ce a hankali.

Daga bakin ruwa mai jirgi na ta kiran fasinjan Wara. Tanimu bai tashi ba. Ya sa babban yatsa yana lallashe wurin da takardun biyu suka haɗu.