Kujerar Gaba Ranar Budapest

A motarmu doka ɗaya ce kowa ya yarda da ita: kowace safiya a matsa gaba layi ɗaya, waɗanda suka yini a kujerar gaba su koma can ƙarshe kusa da banɗaki. Mu talatin da tara ne, 'yan yawon buɗe ido daga garin Paysandú, duk mun ajiye aiki, kuma tun daga Madrid ban ga wani abin da bakinmu ya zo ɗaya a kansa ba sai wannan.

Matata Nélida ce ta zaɓi kujerunmu tun watan Maris. Ta zauna a teburin kicin da takardar tafiyar da fensir, ta gano cewa in muka fara a layi na tara, hannun dama, ranar shiga Budapest mu ne a gaba. Kakanta daga garin ya fito, kuma tana son ta ga kogin garin da gadarsa ba ƙeyar kowa a tsakani. Ta rasu a watan Yuni. Kamfanin tafiyar ya tambaya ko a ba wani kujerarta, na ce a'a. Na taho da rigar sanyinta mai ruwan toka, kullum ina ninke ta a kujerar taga, muna matsawa tare.

A bayana Doña Graciela take da mijinta Cacho. Kwana takwas na san ciwon kowane ɗan'uwanta da maganin da bai yi masa aiki ba. Shi kuwa Cacho Farfesa yake kirana, saboda na koyar da tarihi shekara talatin da huɗu, kuma a Paris na gyara wa jagorarmu shekarar da aka sare kan wani sarki. Shekara ɗari ta ƙara wa mutumin.

Da safen rana ta tara, a ƙofar otal a Vienna, jagorar, wato Lorena, ta ja ni gefe da jar lemarta a hammata. Ta ce Doña Graciela na fama da jiri, ga shi kujerar gaba ta mutum biyu ce, mutane kuma sun fara magana. Musaya ce ta kwana ɗaya kawai, gobe in zauna a gaba.

Na tambaye ta gobe ina za mu. Ta ce hanyar Zagreb.

"Awa biyar na kwalta da gonakin masara," na ce. "Ki ba ta su, kyauta daga gare ni."

"Haba Don Eladio," ta ce da ni, "riga ce fa."

"Riga ce mai kujera."

Na hau na zauna a kujerar gaba ta gefen hanyar wucewa, na ajiye rigar a taga. Cacho ya tsaya a kaina da flas ɗinsa a ƙarƙashin hannu.

"Farfesa, duk littattafan nan da ka haɗiye, babu wanda ya koya maka tausayin mace?"

Na ce masa jirin matarsa bai tashi a tsaunukan Suwizalan ba, inda motar ta yi ta kwana kamar maciji, ita kuwa tana cin cakulan, sai yau da hanya take shimfiɗe kamar tabarma. Ya juya ya ce a ɗaga hannu, wa ya yarda a yi musaya. Na ƙirga a madubin direba, hannu talatin da ɗaya. Na ce dokar ta ce a matsa layi ɗaya, ba ta ce a kaɗa ƙuri'a ba, wanda kuma yake son kujerar ya zo ya ɗaga ni. Babu wanda ƙugunsa zai iya. Direban, da ba ya jin ko kalma ɗaya ta bakinmu, ya tayar da mota.

Bayan mun fita gari Cacho ya haɗa mate, shayin ganyen ƙasarmu da ake zuƙa bi da bi daga ƙoƙo ɗaya. Ƙoƙon ya zagaya kamar kullum, ya zuba ruwan zafi, a zuƙe, a mayar masa. Ya kai wa na bayana, ya kai wa na gefena, har Lorena da ba ta cika sha ba. Ni ya tsallake ni. Sau uku ƙoƙon yana wucewa ta gefen kunnena, ina jin ƙamshin ganyen. A garinmu ko wanda ya kai ka kotu ba ka yi masa haka. Sun kuma san ba na haɗa nawa. Nélida ce mai zubawa a gidanmu shekara arba'in da ɗaya, ni miƙa hannu kawai na iya. Na buɗe littafina, ban karanta ko layi ba, ina dai juya shafi don su gani.

Wajen sha ɗaya muka gangaro tsakanin tsofaffin gidaje, sai ga farar gada da kogin duka a cikin gilashi. Ruwan ba shuɗi ba ne, kalar shayi ne da madara, irin na koginmu na gida. Ga fada a kan tudu ta hagu, ga kubbar majalisa can nesa. Ban yi wa rigar magana ba, ni ba mahaukaci ba ne. Na dai jingina baya don kada in tare tagar.

A tsakiyar gadar Graciela ta taso da wayarta, ta dafa kujerata, ta ɗauki hoto ta saman kaina. Jiri bai kayar da ita ba. Ta dubi rigar, ta ce a hankali, "Ko sunanta ba ka taɓa faɗa mana ba."

"Ba ki taɓa yin shiru na faɗa ba."

Ta yi shiru kuwa, har ƙarshen gadar.

"Nélida," na ce.

Duka abin bai kai minti ɗaya ba. Daga nan aka zagaya da mu, aka hau tudun, Lorena ta ɗaga jar lema muka bi ta kamar tumaki. Minti ashirin a coci, minti goma a ganuwa don hoto. Ta faɗi wata shekara ba daidai ba, na ƙyale ta. Graciela ta cinye soyayyen fanke mai faɗin faranti da cuku a kai. Ba wanda ya zauna kusa da ni a wurin cin abinci, abin da na daɗe ina roƙon Allah.

Washegari tun kafin kowa ya fito na ɗauki rigar na wuce layin ƙarshe. Graciela da Cacho suka haye kujerar gaba, masara ta fara. Bayan kamar awa ɗaya na ga ƙoƙon yana tahowa hannu zuwa hannu, har ya iso ni. Ruwan ya huce, ganyen ya wanke, babu sauran ɗaci a ciki. Na zuƙe shi har ya yi ƙara, na mayar, na ce a faɗa wa Cacho bai iya zubawa ba.